Wanda Ya Yaye Talha

"Talha... haba ɗan albarka, kama mana!"

Yaron ya kau da kai.

Jannatu ta juya shi ɗaya ɓangaren ta sake miƙa masa. Ya dafe ƙirjinta da hannu bibbiyu ya ture, ya ɓare baki da wani irin kuka kamar an nuna masa wuta.

"Na shiga uku! Goggo, me ya sami yaron nan? Kwana da kwanaki ke nan yana yi mini haka, ko a gida ba ya karɓa!"

Hajiya Zuliha, mai gidan rainon, tana kan kujerar roba tana ninke nafkin. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haƙora ne, 'yar nan. In turame za su fito, har uwarsu suke ƙi. Miƙo shi nan ki koma aiki, kada a yi miki faɗa a ofis."

Tana miƙa hannu Talha ya faɗa jikinta yana ajiyar zuciya. Jannatu ta gyara rigarta. Ƙirjinta ya cika tam yana zugi, amma tsoron da ke cikin ranta ya fi zugin ciwo.

Da wata uwar ce, hamdala za ta yi, ta ce yaro ya yaye kansa, ta huta da jidali. Ita kuwa Jannatu, ranar da Talha ya bar mama, ranar zai bar hannunta.

Mijinta Uzairu ya rasu ne a hatsarin mota tana da tsohon ciki. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifiyarsa, Inna Kande, can garin Katagum. Bayan Jannatu ta haihu ta yi arba'in, manya na ɓangare biyu suka zauna a zauren gidansu a Azare, aka yanke magana: yaro zai zauna wurin uwarsa muddin yana shan mama, ranar da aka yaye shi kuwa a kai shi gidan ubansa. Aka shafa fatiha. Jannatu ta amsa, domin a lokacin gani take ranar yaye ba za ta taɓa zuwa ba.

Ana cikin haka Bahauddeen ya faɗo rayuwarta. Shekarar da wayar salula ta cika Azare ce, kowa ka gani yana ɗaga hannu sama yana neman sabis. Shagon sayar da waya da kati gare shi a bakin kasuwa. Kati ta shiga saya da goyo a bayanta, ta fito ta bar masa lambarta, har yau ba ta san yadda aka yi ba. Dogo ne mai sanyin murya, irin mazan nan da in suna magana sai mace ta ji kamar ita kaɗai aka halitta. Amma ba kalamansa ne suka ƙarasa sace zuciyarta ba, yadda yake da Talha ne. In ya zo zance yaron yake fara karɓa, ya ɗora shi a wuya yana zagaya zaure da shi, yana ce masa "abokina". Bazawara mai goyo, me take nema a duniya da ya wuce wannan?

"Jannatuna... sai yaushe?" ya tambaye ta wata rana da yamma.

"Sai na yaye Talha, Hamma." Haka take kiransa, wato yaya, don ba ta kama sunansa.

"A gida ma abin da suke faɗi ke nan. Wai ba ma ɗaura aure da mai goyo, nono yakan lalace yaro ya wahala. Hajiyarmu kuma..."

"Faɗi mana."

"Wai ba ta son agola a gidan ɗanta. Amma rabu da ita, ni na ji na gani."

A ranar ta buɗe masa cikinta. Ta gaya masa alkawarin Katagum, ta gaya masa dabarar da ko Ummanta ba ta sani ba. Ba za ta yaye Talha da wuri ba. Za ta ja shayarwar har shekara biyu ta wuce, har uku in da hali, ko Allah zai sa zuciyar Inna Kande ta yi sanyi kafin nan ta bar mata shi.

 Bahauddeen ya miƙa mata hankicinsa.

"Share hawayenki, hasken idona. Ko shekara goma ce zan jira. Ɗanki ai ɗana ne."

Ta yarda. Wa zai ƙi yarda?

Da Talha ya fara tafiya, ƙafar Umma mai ciwon sanyi ta kasa bin sa. Jannatu kuwa mai buga takardu ce a sakatariya, ba ta da damar ajiye aiki. Dole a nemi gidan raino, kuma ya zama kusa da ofis, yadda za ta riƙa zuwa da azahar tana ba shi mama. Bahauddeen ne ya kawo mafita.

"Ga Goggona Zuliha nan bayan sakatariya, yaran ma'aikata take riƙewa. Hannun gida ai ya fi na bare."

Jannatu ba ta miƙa ɗanta ido rufe ba, kada a ɗauke ta sakarya. Matan ofishinsu kowacce da ma'auninta na gidan raino, kuma kowacce gani take nata ne na gaskiya.

"Ni falo ba ya ruɗa ta," in ji Khaulat, wadda teburinta yake kusa da nata. "Falo kowa ya iya sharewa. Ki ce fitsari kike ji, ki shiga banɗakinsu. Daga nan ki leƙa inda ake shanya nafkin. In kin ga ƙuda, kwashi ɗanki!"

"Wannan duk ƙarami ne," in ji Adda Mairo, babbarsu, wadda ta raini 'ya'yanta kaf tana aiki. "Kunne za ki kasa. Gidan da aka tara yara kika ji tsit kamar maƙabarta, wallahi maganin tari ake ɗura musu su yi ta barci. In kin ɗauko shi kuma ki shinshina wuyansa, ki buɗe matsematsinsa. Hoda a sama, kurji a ƙasa, mun sha gani."

Jannatu ta yi duk wannan har da ƙari. Banɗakin Hajiya Zuliha tsaf, kamar a ci tuwo a ciki. Nafkin fari tas a kan igiya. Yara suna ta ihu da guje-guje a tsakar gida, tun daga bakin titi ake jin su. Ta shinshina Talha, ta buɗe, ta duba har tsakanin yatsun ƙafa, ko ƙwarzane babu. Kafin wata ya zagayo yaro ya yi kumatu, ya yi nauyi, goya shi ma sai da nishi. Ta riƙa yabon gidan a ofis har Khaulat ta ce ko kamasho ake ba ta.

To, sai ga wannan sabon al'amari.

Da ta koma ofis ranar, ta zauna gaban na'ura ta kasa buga ko layi ɗaya. Adda Mairo ta dube ta, ta dubi gaban rigarta da ya jiƙe.

"Yau ma bai sha ba?"

Jannatu ta girgiza kai, hawaye ya zubo.

"Wai haƙora ne, Adda."

"Yana zazzaɓi? Yana zawo? Yana cin abinci?"

"Lafiyarsa lau. Abinci kuwa kamar gara."

"To, ban san irin wannan haƙoran ba. Yaushe kike zuwa wurinsa?"

"Da azahar."

"Kullum?"

"Kullum."

Adda Mairo ta cire tabarau ta ajiye.

"Ashe ke ba gidan raino kike gani ba, kwalliyar da aka yi miki kike gani. Wannan ne ma'aunin da na manta ban gaya miki ba, shi ne kuma babba. Gobe ki je da hantsi. Kada ki bi ta babbar ƙofa, kada ki yi sallama daga nesa."

Washegari da hantsi Jannatu ta zagaya ta lungu, ta tura 'yar ƙofar da 'yan garuwa suke shiga. Tana jin kunyar kanta, wai ita ce take sanɗa a gidan goggon masoyinta kamar ɓarauniya. Yara suna wasa a tsakar gida, masu raino suna ta hidimarsu. Talha ne kawai babu.

Sai ta jiyo kukansa daga ɗakin Hajiya.

Ta ɗaga labule.

Hajiya Zuliha tana zaune a kan tabarma, ta sauke rigarta ɗaya kafaɗar. Ta matse Talha a cinya tana cusa masa busasshen nononta a baki, an shafe kansa da wani abu ja-ja. Yaron yana ta mutsu-mutsu, yana tofarwa, yana kakari. A gefenta ga ƙoƙon jiƙon maɗaci, ɓawon icen nan da ko babba ya lasa sai ya yini yana tofar da yawu. A ɗaya gefen kuma kofi ne cike da kunun gyaɗa da zuma.

Tana cire shi daga ƙirjinta ta kafa masa kofin, ya kama da hannu biyu yana zuƙa yana sheshsheƙa.

"Yauwa ɗan gari," in ji Hajiya. "Mama ɗaci, kunu daɗi. Ka gane ko?"

"Goggo!!"

Kofin ya suɓuce ya faɗi.

Jannatu ta fizge ɗanta ta rungume.

"Me na yi miki? Amana na kawo miki! Me na yi miki, Goggo?"

Hajiya Zuliha ta mayar da rigarta a hankali. Ko ɗigon kunya babu a idonta.

"Sassauta murya, akwai 'ya'yan mutane a gidan nan. Dukansa na yi? Yunwa na bar shi da ita? Dube shi, ya fi lokacin da kika kawo shi kyau. Yaye ne, kowa da haka aka yaye shi, har ke."

"Wa ya sa ki?"

"Tausayi ya sa ni. Ɗan ɗan'uwana ba zai tsufa a zaure yana gadin goyon wani ba."

Jannatu ba ta san yadda ta fito ba. Takalminta ɗaya ma can ta baro shi.

Kafin la'asar Bahauddeen yana zaurensu. Ta fito idanunta sun kumbura, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Ka sani?"

"Jannatu! Ni?"

"Ka amsa mini, Hamma. Ka sani?"

Ya durƙusa a gabanta, babban mutum da shi, idanunsa suka kawo ruwa.

"Wallahi yanzu nake ji. Hajiyarmu ce da Goggo suka ƙulla, na tabbata. Ni da nake ɗora shi a wuyana? Ni zan sa a ba abokina maɗaci? Haba Jannatuna... in kowa ya zarge ni, ban da ke."

Ta dube shi, ta dubi hawayensa. So hana ganin laifi, in ji masu magana, kuma ba su yi ƙarya ba. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har ta ba shi haƙuri a kan zargin da ta yi masa.

"Ka rufa mini asiri, kada maganar nan ta fita. In ta kai Katagum na kaɗe."

"Daga bakina? Sai dai in bango ne zai faɗa."

Ta nemi hutu a ofis, ta kulle kanta a ɗaki da Talha. Babu dabarar da ba ta yi ba. Ta shafa zuma, ya lashe leɓe ya kau da kai. Ta hana shi kunu har yunwa ta kama shi, ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ita ce ta fara karaya ta ba shi. Ta gwada yana gyangyaɗi, yana jin ɗumin fatar a bakinsa sai ya farka a firgice yana tofar da yawu. Yana son ta, yana bin ta duk inda ta sa ƙafa, yana wasa da 'yan kunnenta. Amma da ta kai hannu ga wuyan riga, sai ya zame ya ɓuya bayan Umma.

Ran Asabar da safe mota ta tsaya a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Ina angon nawa yake? Yau dai na zo bikona!"

Jannatu ta ji muryar har cikin ƙashinta. Inna Kande ce, ta shigo da fara'arta, ƙunshin sababbin kayan yara a hannu. A bayanta ga Bappa Jumare, ƙanin mahaifin Uzairu, wanda ya ja fatihar alkawari da bakinsa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa. Inna ta janyo Talha tana juya shi tana dariya da hawaye a haɗe, wai goshin marigayi ne sak.

"Allah ya yi miki albarka, Jannatu. Kin cika alkawari tun ba a tambaye ki ba."

Jannatu ta sunkuyar da kai.

"Inna... ai ban yaye shi ba. Yana sha."

Inna ta saki baki.

"Yana sha? To, ai ranar nan yaron ya bugo wa Bappanku waya ya ce an gama, mu zo."

"Wane yaro?"

"Mai neman naki mana. Dogon nan mai shagon waya."

 Jannatu ta dafa bango.

"Ai yaron kirki ne," Inna ta ci gaba, ba ta lura ba. "Tun kafin azumi ya zo har Katagum, da goronsa da turmin atamfa. Ya ce kun daidaita, yaye kawai ake jira. Ya ce yana da goggo a nan Azare da ta iya yaye ba tare da yaro ya rame ba, zai sa a kai mata shi, in an gama zai sanar da mu. Na ce Allah sarki Jannatu, kunya ce ta hana ta zuwa da kanta ta ce mini za ta yi aure. Har addu'a na yi muku."

Tun kafin azumi.

Talha kuwa sai bayan sallah aka kai shi gidan raino.

Ashe tun ranar da ya ce hannun gida ya fi na bare, ya riga ya je ya dawo. Ashe sirrin da ta ɗauka ta ba shi a zaure tana kuka, shi ya ɗauka ya auna inda zai yanka. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Jannatu ta ji wani abu ya tsinke a cikinta, ba kuka ba ne, kuka ai sauƙi ne.

Umma ce ta yi magana, domin Jannatu ta kasa. Ta zayyana musu komai, har maɗacin, har takalmin da aka baro.

Inna Kande ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ba da saninki ba? Jikana aka ba maɗaci a ƙirjin wata? Ni kuma na karɓi atamfarsa na ɗinka!"

Bappa Jumare ya yi gyaran murya.

"An yi zalunci, babu ko shakka, Allah kuma zai saka. Amma alkawari a kan yaye aka yi shi, ba a kan wanda ya yi yayen ba. Dangi sun taru a gida suna jira. In yaro ya bar mama, gidan ubansa ne wurinsa."

"Malam, dakata," in ji Inna.

Ta dubi Jannatu. Tsohuwar da ta binne ɗanta guda ɗaya, ta share ɗakinsa tana jiran ɗansa, ita ce ta ɗauki yaron ta ɗora a cinyar uwarsa da hannunta.

"Ba shi, 'yata. Wallahi in ya kama, ko sau ɗaya ne, ni kaɗai zan koma. Malam, ba mu wuri."

Bappa ya fita zaure.

Jannatu ta gyara zama. Ta shafa kan yaron.

"Talha... ɗan Uzairu... taimake ni. Sau ɗaya kawai, ka ji? Babu ɗaci, wallahi babu ɗaci..."

Umma tana salati ƙasa-ƙasa. Inna ta matso tana cewa, "Kama mana, angona, kama ka kunyata ni!"

Talha ya dubi fuskar uwarsa. Ya kai ɗan yatsansa ya taɓa hawayen da ke kumatunta. Ta karkato shi a hankali, a hankali, har leɓensa ya taɓa.

Ya ƙanƙame baki.

Ya sandare, ya ture ta, ya tsala ihu yana miƙa hannu a ɗauke shi.

 Inna Kande ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti, kamar ita aka yi wa rashin.

Umma ce ta haɗa kayansa. Aka ce Jannatu ta zauna a ɗaki, domin yaron da za a tafi da shi yaye ba a barin ya ga uwarsa a bakin ƙofa.

"Ki ba shi 'yan watanni ya saba, sannan ki riƙa zuwa," Inna ta ce mata daga bakin labule. "Ƙofata ba ta rufuwa a gare ki. Ki yafe mini, 'yata."

Jannatu ta gyaɗa kai. Tana zaune a bakin gado ta ji an buɗe mota, ta ji an rufe. Ta ji muryarsa yana kiran "Mamma! Mamma!" har ƙarar injin ta shanye ta.

Ko awa ba a yi ba aka yi sallama a zaure. Ta san muryar. Umma ta tashi a fusace za ta fita, Jannatu ta riƙe ta.

"Bar ni da shi, Umma."

Bahauddeen yana tsaye cikin farar shadda, ya sha turare. Da ya ga fuskarta sai murmushin ya gudu.

"Jannatuna, na ji abin da ya faru, na ce bari in zo in..."

"Atamfar da ka kai wa Inna ta yi kyau. Ita ta ɗauro yau."

 Ya matso kusa da ita.

"Ki saurare ni..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Bahauddeen."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau.

"Ranar da ka durƙusa a nan kana hawaye, kana rantsuwa da Allah... daga nan ina ka nufa? Wurin buga waya Katagum?"

"Don ke na yi! Don mu! Shekara uku fa kika ce, Jannatu, uku! Hajiya ta ba ni wa'adi, ko in kawo ki bana ko ta nemo mini wata. Ina son ki, na kasa haƙura, shi ne laifina? Yaro yana wurin kakarsa, ba daji aka kai shi ba. Za mu riƙa zuwa, ni zan kai ki da kaina. Za ki haifi wasu..."

"Wasu."

"Ba haka nake nufi ba. Ina nufin yanzu babu abin da ya rage tsakaninmu da aure. Gobe ma sai in turo manya."

Jannatu ta dube shi tun daga hula har takalmi. Kyakkyawa ne har yanzu, abin haushin ke nan. Zuciyarta ma ba ta daina son sa ba, ita ma sai an yaye ta.

"Da ka zo ka ce mini ba za ka iya jira ba, da na yi kuka na sallame ka, ina ganin girmanka har in mutu. Da ka ce in zaɓa, da na zaɓa. Amma ka zaɓar mini, ka bi ta bakin yaron da bai iya magana ba balle ya kawo mini ƙara. Kullum ina miƙa shi da hannuna ina godiya!"

"Ki yafe mini, hasken idona..."

"Kada ka turo kowa. In suka zo, a gabansu zan faɗi abin da ka yi, ka san kuma Azare ba ta riƙe magana."

"Jannatu!"

Ta juya ta shige gida ta sa sakata.

Yana ta bugun ƙofa yana kiran sunanta. Ta wuce ɗaki. Azahar ta yi, lokacin da jikinta ya saba, nono ya kawo ya cika har yana ɗiga ta cikin riga. Ta buɗe akwati ta ɗauko wani tsohon zane mai ƙarfi, ta miƙa wa Umma, ta juya mata baya ta ɗaga hannuwa.

"Ɗaure ni, Umma."

Umma ta naɗa zanen a ƙirjinta tana hawaye, ta ja, ta ƙulle.

"Ya yi?"

Daga zaure muryarsa tana shigowa har yanzu, a sanyaye, mai daɗi kamar kullum.

Jannatu ta runtse ido.

"Ƙara ja."